Lauyar da ta bi mana haƙƙin yatsun ƙanina, abin da na gani a ofishinta

Mutane da yawa in sun zo cire kuɗi a shagona suka ga ƙanina yana danna POS da hannun hagu sai sun tambaya, wai ya aka ƙare da kamfanin nan, kuma lauyar da muka ɗauka ta yi wani abin kirki ko kuɗinmu kawai ta karɓe. Na gaji da maimaitawa wlh, shi ya sa nace bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya. Ba zan kama sunan ofishin ba, ba kuma zan kama sunan kamfanin ba, wanda yake da buƙata ya san inda shagon yake, muna nan bakin titi a ƙauyenmu gefen Kura, cajin waya da POS.

Ƙanina yana aiki ne a wani kamfanin gyaran shinkafa, irin manyan nan da tireloli suke layi da shanshera lokacin kaka. Shekararsa biyu da wani abu a wajen amma har lokacin sunansa lebura, ba takardar ɗaukan aiki, ba komai, sati sati ake biyansu. Ranar da abin ya faru aikin dare yake, buntu ya toshe wani waje a jikin injin, shi kuma bel ɗin dama an cire masa murfi tun da daɗewa wai yana hana su saurin gyara, ya sa hannu zai zaƙulo, bel ya ja. Manuniya da na tsakiya na hannun dama a wajen suka tafi, babban yatsan kuma ya dagargaje. Ƙarfe biyu da rabi na dare aka kira ni, abokin aikinsa ne, ko maganar kirki ya kasa yi sai cewa yake Yaya ka taho, Yaya ka taho.

Daga asibitin da aka fara kai shi aka tura mu asibitin ƙashi na Dala, nan aka yi masa aiki aka ceto babban yatsan, duk da har yau baya lanƙwasuwa. Akwai kawunmu da ya dage wai a dawo da shi gida a kai wa mai ɗori, nace Kawu me za a ɗora, abin da babu shi.

Kwana shida da faruwar abin sai ga wani mutum daga kamfanin har gida, lokacin an sallamo shi yana zuwa diresin. Mutumin kirki a fuska, ya zo da katan ɗin lemo, ya durƙusa ya gaida Baba a zaure, yai jaje sosai, sannan ya fito da ambulan, dubu 150, yace manaja ne yace a ƙara a kuɗin magani. Baba har ya fara sa albarka. Sai kuma ya zaro takarda guda ɗaya da Turanci da ɗan gwangwanin tawada na dangwale, yace a ɗan sa hannu dan ya nuna a ofis cewa saƙo ya iso. To hannun da za a sa yana cikin bandeji har gwiwa, sai yace ba komai a dangwala da na hagu. Har ya buɗe gwangwanin ya kamo hannun yaron. Ni Turancina na sakandare ne amma na iya karanta takardar banki, na karɓa na duba, a layin ƙasa na ga an rubuta abin da yake nufin wannan shi ne biya na ƙarshe, ba shi ba sake neman komai daga kamfanin har abada. Nace Malam a bar mana takardar zuwa gobe mu yi shawara. Yace ai ba a barin ta. Nace to a tafi da ita. Ya tafi da ita, ya tafi da ambulan ɗin, lemon dai ya bari.

Daren nan Baba bai amsa min sallama ba. Shi a wajensa ƙaddara ce ta afka wa yaro, mutane sun zo da mutunci na watsa musu ƙasa a ido, kuma talaka baya ja da mai kuɗi. Inna kuma kuka take wai dubu 150 ɗin ma mun rasa. Gaskiya ni kaina na kwana ina tunanin ko na yi wauta.

Wanda ya nuna min hanya wani dattijo ne da yake cirar fanshonsa a wajena, tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Sharada tun lokacin da masaƙun Kano suke aiki, kuma ya yi harkar ƙungiyar ƙwadago. Da na bashi labari sai yace yaro kar ka kwana biyu, irin wannan maganar kwanaki ake ƙirga mata, ya rubuta min kwatancen ofishin wata lauya a bayan rasit ɗin POS.

To yanzu ga ofishin. Saman bene ne a cikin gari, matakala ƙunci ga duhu, wanda yake da ciwon ƙafa ko tsoho zai sha wuya, Baba da muka je da shi daga baya sau biyu yana hutawa. Ɗaki biyu ne, na waje akwai benci da akawu wani matashi da kwamfuta, na ciki nata. Ba wuta ranar, janareta kuma sai za a buga takarda ake tayarwa. Mun isa tara da rabi, ba mu gan ta ba sai wajen sha biyu saura, wai tana kotu. Kuɗin ganinta dubu 10, kuma an bani rasit ba tare da na roƙa ba, wannan na yaba, dan ni mai harkar rasit ne.

Da muka shiga na ɗauko labari tun daga farko yadda muke yi, ina cewa ranki ya daɗe wato shi wannan yaro bawan Allah ne baya faɗa da kowa, sai ta ɗaga min hannu tace Malam tsaya, ran nawa ga wata abin ya faru. Na faɗa mata. Ta juya ta kalli kalandar bango tana ƙirgawa da bakin biro, tace yau kwana tara. Kun sanar da kamfani a rubuce? Nace Barista ai a gabansu akai, su suka ɗauke shi a motarsu. Tace na sani, amma ranar da za su ce ba su san zancen ba motar ba za ta yi magana ba. A nan take ta sa aka tayar da janareta, aka buga wasiƙa mai ɗauke da sunansa, rana da lokaci da wajen da abin ya faru da irin raunin, kwafi biyu, tace gobe da safe ka kai, su karɓi ɗaya su buga maka hatimi da kwanan wata a ɗayar ka dawo min da ita, in sun ƙi bugawa ka kira ni kana tsaye a wajen.

Wannan ƙirgen kwanakin shi ne abu mafi tsada da na saya da dubu goman nan. Yadda ta warware min, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda aka sa wa hannu zamanin Jonathan ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987, ta ba ma'aikacin da ya ji rauni kwana 14 ya sanar da mai aikin, in shi ba zai iya ba wani nasa ya sanar. Shi kuma mai aikin yana da kwana 7 ya kai rahoto hukumar NSITF, wato asusun inshorar ma'aikata na tarayya, in ya ƙi kaiwa laifi ne a doka. Sannan neman diyyar kanta a cikin shekara ɗaya ake shigarwa, in ta wuce sai da ƙwaƙƙwaran uzuri, shi ma iyakarsa shekara uku. Mu a ƙauye ka san yadda muke, sai an gama jinya, sai an gama girbi, sai an je an ga dagaci, sai an jira alƙawarin manaja na wata mai zuwa, kafin ka farga shekara ta zagayo. Saura kwana biyar fa mu a kan na farkon kuma ba wanda ya sani a gidanmu.

Na tambaye ta to shi da ba cikakken ma'aikaci ba, lebura ne na sati. Tace dokar ba ta ware ba, na dindindin da na wucin gadi da ɗan koyo da mai aikin yini duk ma'aikata ne a wajenta, har mai aikin gida in dai ba ɗan gidan bane, sojoji ne kawai aka cire. Nace to ai kuma za su ce shi ya sa hannunsa da kansa. Tace su faɗa, wannan tsarin ba a tambayar laifin waye, tambayar ita ce a bakin aiki ya samu raunin ko a'a. Kuma kuɗin ba daga aljihun manaja zai fito ba ranar, kowane mai ɗaukan ma'aikata dole ya dinga zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya duk wata a asusun, kuma haramun ne ya cire shi daga albashin ma'aikaci. Kai ni ranar ji nai kamar an buɗe min taga, shekara nawa muna ganin masu dungulmi a garuruwan nan, na injin casa, na injin markaɗe, na bulo, kowa ya karɓi abin da aka bashi ya yi shiru.

Maganar takardar dangwale kuwa dariya tai. Tace ko da ya dangwala, dokar tace duk wata yarjejeniya da ma'aikaci zai yi ta yafe haƙƙinsa na diyya ba ta da amfani, amma da kun dangwala da kun ƙara min aiki na wata da watanni, kuma da kuna ganin kun riga kun ci kuɗin mutane da ba za ku taɓa hawo benen nan ba. Wannan na ƙarshen gaskiya ne tsantsa, Baba da ya karɓa shikenan an rufe.

Inda ta fi burge ni shi ne ranar da na lallaɓo Baba. Na ɗauka za ta yi masa Turanci ko ta nuna masa bai waye ba. Sai ta taso daga kujerarta ta zagayo ta gaishe shi, tace Baba ina wuni, ya mai jiki, ta sa aka kawo masa ruwa. Baba yace 'yata ni fa bana son shari'a, abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Tace Baba haka ne, ƙaddara ce, amma ko a littafi wanda aka yi wa rauni bisa kuskure ai an yanka masa diyya, yatsa ɗaya raƙuma goma, kuma ba a ce wanda ya karɓa bai yarda da ƙaddara ba. Tace wannan ma ba ita bace, ba kuma ƙarar kowa za mu kai ba tukunna, wani asusu ne da aka tara dan irin wannan ranar, kamar adashe ne da kamfani yake zubi da sunan yaranku, kwasarsa ce ta zo. Baba yai shiru can yace to in adashe ne a karɓo masa. Ni wata guda ina fama da shi, ita minti goma.

Sai matsalar shaida. Kamfanin ashe suna da rajista da hukumar, amma sunayen ma'aikatan ofis da direbobi da injiniyoyi kawai suke kaiwa, leburori babu su a lissafi. Da wasiƙar ta isa sai suka fara cewa wai ba ma'aikacinsu bane, ɗan dako ne da yake shigowa da kansa. Nan ta ce in kawo duk abin da zai nuna yana karɓar kuɗi a wajensu. To Allah da ikonsa tun lokacin ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kashiyansu ya koma yi musu tiransifa, kuma ni na buɗe wa yaron asusu, a shagona yake cirewa duk Asabar. Muka je banki aka bugo mana bayanin asusun, shafi wajen ashirin, ta zauna da jan biro tana ja wa kowane alat layi, sati bayan sati daga asusu guda. Muka haɗa da katin shiga geti da hotonsa sanye da rigar kamfanin wanda ya ɗauka da Sallah yana gayu, da abokan aikinsa biyu da suka yarda su faɗi abin da suka gani, ɗaya daga baya ya janye dan tsoron kora, ban ga laifinsa ba yana da 'ya'ya huɗu. Wasiƙa ta biyu da ta rubuta musu da waɗannan a maƙale, ba a yi sati uku ba suka kira ta da kansu, suka sa sunansa, suka cike nasu ɓangaren fom ɗin.

To yabon ya isa haka, bari in faɗi inda suka bani haushi, dan ba kaɗan bane.

Na farko waya. Barista ba ta ɗaga waya, wlh ko sau goma za ka kira. Saƙon WhatsApp sai ya kwana uku da shuɗin layi ba amsa. Na gane tana kotu, na gane ba mu kaɗai bane, amma mutumin da yake ƙauye kiran nan shi ne ofishinsa, in ba a ɗaga ba sai ya rufe shago ya hau mota. Kuma kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma tun da aka cire tallafin mai, daga wajenmu zuwa cikin gari da adaidaita zuwa ofishin da dawowa, mu biyu, ga abinci, ga cinikin ranar da na rasa. Na ƙirga a littafin shago, zuwa goma sha huɗu mukai, a ciki aƙalla biyar da kira ɗaya na minti biyu ya wadatar. Akwai ranar da aka ce mu zo Talata, muka zo, ashe ta tafi Dutse wata shari'a tun Litinin, ba wanda ya ga dama ya sanar da mu, yaro da ciwo a hannu ana ta gwara shi a mota.

Na biyu akawun nan. Yaron ba shi da mugunta amma sakaci kamar me. Rahoton likita na asali, wanda muka yi sati biyu muna bin sa, na miƙa masa hannu da hannu, bayan wata ɗaya aka ce ba a gan shi a fayil ba. Aka juye ofishin, babu. Sai da muka koma asibiti muka sake bin layi aka sake rubuta wani, wannan kaɗai ya ci mana wajen sati shida. Daga baya wai an tsince shi a fayil ɗin wani mai rigimar gona. Ita dai ta bani haƙuri kuma ta cire kuɗin motar zuwa biyu daga abin da take bina, amma tun daga ranar ko takardar magani ce sai nai mata hoto na kuma yi kwafi kafin ta bar hannuna, asalin kuma yana cikin wata leda a ƙarƙashin katifar Inna. Duk wanda zai je wajen, ko ma wani ofishin ne, dan Allah ya yi haka.

Na uku duk takardunsu Turanci ne, kuma in ba ita ce a zaune ba ba mai fassara maka, akawun sai dai yace sa hannu a nan. Mu da muka gudo daga sa hannu a abin da ba mu gane ba. Na faɗa mata wannan a fuskarta, tace gaskiya ne, daga nan duk takardar da za a sa wa hannu sai ta turo min saƙon murya da Hausa tana bayani, wani lokacin sha ɗayan dare. Ya yi amfani sosai, har Baba nake kunna wa, amma sai da na yi ƙorafi aka fara, wanda ba zai iya buɗe baki ba fa?

Kuɗin aikinta bayan na ganin farko mun yi shi a rubuce tun ranar ta biyu, adadi ne tsayayye, biya uku, ba kaso daga abin da za a samu ba, kuma ba ta ƙara ko sisi a kai ba har aka gama. Ba zan faɗi adadin ba dan kar wani ya je ya ce ai wane kaza ya biya, aiki ya bambanta, amma sai da na sayar da buhu huɗu na shanshera da na ajiye. Abin da ya sa na yarda da ita kuma, ita da bakinta tace min wannan neman ba dole sai da lauya ake yinsa ba, in kamfani na da rajista kuma ba su yi gardama ba, ma'aikaci da mai aikin su cike fom su haɗa da rahoton likita da rasit su kai ofishin hukumar ya wadatar. Ta kuma ce wanda ba shi da hali akwai hukumar ba da agajin lauyoyi ta gwamnatin tarayya da take tsaya wa talaka kyauta. Mai neman kuɗinka kawai ba zai nuna maka ƙofar da za ka wuce shi ba. Mu namu gardamar ce ta sa dole sai da ita.

Akwai lokacin da zuciya ta ɗebe ni nace Barista mu kai su kotu kawai, murfin bel ɗin nan su suka cire. Tace ana iya zuwa kotun ma'aikata ta ƙasa, tana da reshe a nan Kano, ita take sauraron irin wannan, amma ka sani ba a cin biyu, ba za ka karɓi diyyar asusu kuma ka dawo ka nemi wata a wajen mai aikin kan rauni guda ba, kuma shari'a tana iya shekaru, ku kuma magani kuke saya yau. Tace kotun mu ajiye ta, in hukuncin da aka yanke a kan diyyar bai yi mana ba akwai kwana 180 na neman a sake dubawa, daga nan sai kotun. Na so ace ta fi haka zafi a ranar, yanzu kuma ina ganin ta fi ni gaskiya, ko da yake har gobe in na tuna murfin nan raina yana ɓaci.

Abin da aka samu. Wata goma sha ɗaya daga ranar da abin ya faru alat na farko ya shigo. An dawo da kuɗin asibiti na abin da muke da rasit ɗinsa, wanda muka saya a kemis ɗin gari ba rasit kuwa ya bi ruwa, kuma da yawa ne, allurai da kayan diresin na satin farko duk haka muka saye su a rikice. Likitoci sun duba hannun sun auna abin da ya rasa, aka yanka masa wani abu duk wata. Nan ne Baba ya ɗan yi sanyi, shi ya ɗauka za a kawo kuɗi dunƙule a sai wa yaro fili ko kurkura. Ita dama ta faɗa tun farko ba mu dai saurara bane, lissafin da albashinka ake yinsa, wanda ya nakasa gaba ɗaya baya iya kowane aiki shi ake ba kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata, wanda kuma ya rasa wani sashe kamar namu kashi 90 ne na abin da raunin ya rage masa na samu, kuma yawanci har ya kai shekara 55 ake biya. To albashin lebura nawa yake balle wani yanki nasa. Ba kuɗin da za a yi biki bane. Amma yaron shekararsa 24, ka ɗauki ɗan abin nan ka buga shi da watannin da ke tsakanin 24 da 55, sannan ka ajiye shi kusa da dubu 150 da katan ɗin lemo.

Wani abu da ta faɗa min muna sallama wanda nake ta gaya wa masu zuwa shago, ba sai inji ya cinye maka hannu ba. Wanda yai hatsari a hanyarsa ta zuwa aiki daga gida ko komawa yana ciki. Wanda ƙarar inji ta kashe masa kunne a hankali yana ciki, wanda ƙura ko sinadarin wajen aiki ya sa masa ciwo shi ma haka. In kuma mutuwa ce akai, matar da aka bari da 'ya'ya biyu ko fiye tana da kashi 90 na albashin mamacin duk wata. Na tuna wani maƙocinmu da buhuna suka rufto masa a sito shekarun baya, aka kawo wa matarsa buhun shinkafa biyu da kuɗin sadakar uku, shikenan, yanzu shekarun sun wuce ba abin da za a iya.

In maki zan bayar, ita Barista a kan sanin aiki da gaskiyar kuɗi da iya magana da manya huɗu da rabi cikin biyar. Ofishin kuwa, waya da akawu da benen nan, biyu, shi ma dan rasit. Wanda kamfaninsa ya amsa cewa nasu ne kuma suna zubi, ya fara gwada kai takardunsa da kansa ya adana kuɗinsa. Wanda aka ce ba a san shi ba, ko aka zo masa da takarda da tawada, ya hau benen, amma ya tafi da kwafin komai, ya karɓi lambar akawun da ta mai shagon ƙasan benen, shi ne zai faɗa maka gaskiya ko motarta tana nan kafin ka baro gida.

Kamfanin sun ce ya dawo su sa shi a geti, shi yace ko ƙarar injin baya son ji, sai na sa shi a shago, yana kula da caji ni ina POS, in na tafi sallah ya karɓa. Ƙirgen kuɗi ne har yanzu yake bashi wahala, yana danne damin da dungun hannun dama yana ja da na hagu, sabbin takardu suna manne masa sai ya lasa yatsa. Abokin nasa da ya kira ni daren nan ya zo cire kuɗi shekaranjiya, yace an mayar wa bel ɗin murfi, har da fenti ja. Rasit ɗin biyana na uku kuma har yau yana wajen akawun, sau biyu yana cewa zai turo min hotonsa.